Law & Order: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ingancin Shirin Tun Daga 1990

Wannan shafi na masu son fara kallon Law & Order ne, da kuma waɗanda suka daɗe suna kallo har suna gardamar ko shirin ya lalace. Maganar a kan uwar shirin ce, wadda tashar NBC ta Amurka ke nunawa. Sauran shirye-shiryen da suka fito daga cikinta za su shigo inda ya kamata.

Wane irin shiri ne, kuma wa ya ƙirƙiro shi?

Dick Wolf ne ya ƙirƙiro shi, bayan ya yi aikin rubutu a wasu shirye-shiryen 'yan sanda irin su Hill Street Blues da Miami Vice. An fara nuna shi ranar 13 ga Satumba, 1990, kuma a birnin New York ake ɗaukarsa. Kowane kashi an raba shi gida biyu. A rabin farko za a tsinci gawa, sai 'yan sandan ciki biyu daga caji ofis na 27 (wanda marubuta suka ƙirƙira) su shiga bin sawu har su yi kame. A rabi na biyu sai lauyoyin ofishin babban mai gabatar da ƙara na Manhattan su karɓi fayil su kai kotu.

Ya yi zango 20, kashi 456, kafin NBC ta dakatar da shi a watan Mayun 2010. A lokacin ya yi kunnen doki da Gunsmoke, shirin kaboyi da shi ma ya yi zango 20. Ya dawo a watan Fabrairun 2022.

Me ya sa ake yaba masa haka? Ba kullum abu ɗaya ake maimaitawa ba?

Tsarin ɗaya ne, amma ba a tsarin armashin yake ba. Abin da ya ɗaga Law & Order sama da takwarorinsa shi ne ba ya tsayawa a kan tambayar wa ya yi kisan. Sau da yawa kafin a kai rabi mai kallo ya riga ya san mai laifi. Abin da ya rage shi ne: za a iya tabbatarwa a gaban kotu? Idan an tabbatar, wane laifi ya dace a tuhume shi da shi? Kuma shin abin da doka ta ce shi ne adalci?

A kasusuwan da suka yi kyau, lauyan da ke kare wanda ake tuhuma ba sakarai ba ne, ba kuma mugu ba. Yana tashi ya kawo hujjar da za ta girgiza ka, har ka fara kokwanton ɓangaren da kake goyon baya. Daga nan a koma ofis, lauyoyin gwamnati uku su zauna, kowa da ra'ayinsa, tsoho Adam Schiff, babban mai gabatar da ƙara, yana jinsu yana tunanin kuɗin shari'ar da zaɓe mai zuwa, ya yanke magana da jimla guda. Wani lokaci kuma gwamnati ta sha kaye, mai laifi ya fita yana gyara kwat ɗinsa, a rufe kashi ba tare da an lallashi mai kallo ba. Wannan jarumtar ta barin mai kallo da damuwa ita ce, a ganina, tushen ingancin shirin. Duk zangon da ya riƙe ta ya yi kyau, duk wanda ya sake ta ya yi rauni.

Sai kuma kamun kai. Shirin ba ya bin ɗan sanda gida ya nuna maka rigimarsa da matarsa. Abin da ka sani game da ɗan sanda Lennie Briscoe, cewa ya yi fama da giya, aurensa ya mutu sau biyu, yana da 'yar da suke da tazara, a tsattsage ka tsince shi, jimla ɗaya a mota, rabin jimla a bakin ƙofar wani mai shaida. Shi ya sa a 1998, da aka kashe 'yar tasa, abin ya taɓa masu kallo sosai. Ba a cika kiɗa ba, ba a cika tseren mota ko harbe-harbe ba. Baƙin allo ne ke fitowa da sunan wuri da kwanan wata, tare da wannan ƙara mai bugu biyu da Mike Post ya haɗa, sai kawai ka ga ana tsakiyar magana.

Masana'antar ma ta shaida. An sa shi a takarar lambar Emmy ta shirin dirama mafi fice shekara 11 a jere, daga 1992 zuwa 2002, ya kuma lashe ta a 1997.

Wane zamani ne ya fi inganci?

Daga zango na 3 zuwa na 10, wato kusan 1992 zuwa 2000. Jerry Orbach ya shigo a 1992 a matsayin Briscoe, S. Epatha Merkerson da Jill Hennessy a 1993, Sam Waterston a 1994, Steven Hill kuma yana nan a kujerar Schiff har 2000. Marubutan wannan lokaci, ciki har da René Balcer, sun san doka kuma sun yarda mai kallo zai iya bin gardama mai sarƙaƙiya ba tare da an tauna masa ba.

Zangon farko da na biyu suna da nasu masoyan, kuma suna da hujja. Hoton ya fi duhu, birnin ya fi datti, kyamara a kafaɗa take kamar ta masu ɗauko labarai. A 1990 an kashe mutum sama da 2,200 a New York, adadin da birnin bai taɓa gani ba, kuma wannan tsoro yana cikin kowane lungu da aka ɗauka. Zuwa 2017 adadin ya sauko ƙasa da 300. Wanda ya kalli shirin a jere yana kallon yadda birni ya sauya ne.

Da gaske ne daga jaridu ake ɗauko labaran?

Gaskiya ne, kuma shirin da kansa yake tallata hakan. Amma kan labarin kawai ake ɗauka, a sauya sunaye, a karkata shi wani wajen. A Disambar 1984 Bernhard Goetz ya harbi matasa baƙar fata huɗu a jirgin ƙarƙashin ƙasa na New York. A zangon farko sai aka mayar da mai harbin mace, aka tambayi ina iyakar kare kai take. Rikicin unguwar Crown Heights na 1991 tsakanin baƙar fata da Yahudawa ya haifar da kashin "Sanctuary" a 1994. Kashin "Life Choice", kan dasa bam a asibitin zubar da ciki, ya sa masu talla suka janye kuɗinsu.

Ba kullum abin ke ƙarewa lafiya ba. A 2001 an yi kashi kan cin zarafin matan da aka yi bayan faretin 'yan Puerto Rico na shekarar 2000. Ƙungiyoyin al'ummar suka yi ƙorafin an ɓata musu suna, NBC ta ba da haƙuri ta ce ba za ta sake nuna shi ba, Dick Wolf kuwa ya fito fili ya soki matakin tashar.

A nan akwai abin lura game da inganci. Idan marubuta suka ɗauki labarin jarida don akwai tambayar shari'a a cikinsa, kashin yakan yi nauyi. Idan suka ɗauka don kawai sunan wani shahararre na tashe a makon, kashin yakan tsufa kafin shekara ta zagayo.

Yawan sauya 'yan wasa bai kashe shi ba?

Bai kashe shi ba, domin kujerun ne dawwamammu: 'yan sandan ciki biyu, shugabansu, lauyoyi biyu, da babban mai gabatar da ƙara. Zuwa 2000 babu ko mutum ɗaya daga cikin 'yan zangon farko. A 1993 NBC ta matsa a sa mata cikin 'yan wasa, aka sallami Dann Florek da Richard Brooks. Rashin Brooks, wanda ya fito a Paul Robinette, lauya baƙar fata mai fama da matsayinsa a ofishin da ke ɗaure baƙar fata da yawa, asara ce ta gaske. Amma matsin ne ya kawo Merkerson a matsayin Laftanar Anita Van Buren, ta yi zango 17, kuma da wuya ka sami wanda ya fi ta riƙe shirin da natsuwa.

Giɓi ɗaya ne ba a cike ba. Orbach ya bar shirin a 2004, ya rasu a Disambar shekarar. Dennis Farina, wanda ya gaje shi, tsohon ɗan sandan Chicago ne na gaske kuma ya iya wasa, amma gajiyar nan ta Briscoe, ta mutumin da ya ga gawa da yawa bai kuma daina jin tausayi ba, ta tafi da mai ita. A 2007 birnin New York ya sa wa wata mahaɗar titi a Manhattan sunan Orbach.

Ben Stone ko Jack McCoy?

Wannan gardama kan lauyoyin gwamnatin nan biyu ba ta ƙarewa tsakanin masu kallo. Stone, wanda Michael Moriarty ya fito a matsayinsa daga 1990 zuwa 1994, mutum ne mai sanyin murya da tsantseni, yana ɗaukar doka a matsayin amana. Ya ajiye aiki ne bayan an kashe wata mai shaida da ya tilasta wa bayyana a kotu. A zahiri kuwa Moriarty ya bar shirin ana tsaka da takun-saƙa tsakaninsa da ministar shari'a ta lokacin, Janet Reno, kan batun nuna tashin hankali a talabijin.

McCoy na Sam Waterston mai zafi ne, yana son nasara, kuma yakan lanƙwasa ƙa'ida don ya samu. A zango na 8 ya ɓoye shaidar da za ta taimaki wani direba mashayi da ya kashe mutane, saboda abokiyar aikinsa Claire Kincaid ma direba mashayi ne ya yi ajalinta, har ta kai shi gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi. Ni McCoy na fi ɗauka, kuma saboda wannan aibin nasa ne. Da Stone, mai kallo na iya sakin jiki ya ce gwamnati na da gaskiya. Da McCoy dole ka riƙa sa ido a kan mai tuhumar shi kansa, kuma shirin shari'a ya fi amfani idan ya koya wa mai kallo wannan sa idon.

Yaushe ya fara rauni, kuma me ya jawo?

Abin ya fara bayyana ne bayan 2000, a daidai lokacin da ya fi samun masu kallo, don a zangon 2001 zuwa 2002 yana cikin shirye-shirye goma da aka fi kallo a Amurka. Dalilan suna da yawa. Steven Hill ya tafi, zaman ofis ɗin nan ya rasa dattijonsa. Shirin ya haifi wasu, Special Victims Unit a 1999 da Criminal Intent a 2001, aka raba marubuta da labarai. Shirin binciken laifi na CSI ya fito a tashar CBS a 2000 ya sauya abin da masu kallo ke tsammani.

Babbar illar dai a rubutu take. Juyin ba-zata ya maye gurbin gardama. Maimakon a gina shari'a a hankali, sai a minti biyar na ƙarshe a gano ashe matar ce, ko ɗan ne, ko lauyan ne. Zaman ofis kuma ya koma musayar ra'ayin siyasa, musamman zamanin da Fred Thompson, tsohon sanatan jihar Tennessee, ke fitowa a matsayin babban mai gabatar da ƙara Arthur Branch daga 2002 zuwa 2007: wannan ya faɗi ra'ayin masu ra'ayin riƙau, waccan ta faɗi na masu sassauci, a tashi. A 2006 aka ɗauke shirin daga daren Laraba da ya saba aka kai shi Juma'a, masu kallo suka ragu.

Mutane da yawa sun daina kallo a nan, don haka suka rasa abu mai kyau. Zango na 18 zuwa na 20 farfaɗowa ce ta gaske. McCoy ya hau kujerar babban mai gabatar da ƙara, Linus Roache ya shigo a matsayin Michael Cutter, matashi mai irin rawar kan da McCoy ya yi a da, sai ga tsohon mai karya ƙa'ida yana ja wa wani burki. Zango na 20 ya buɗe da shari'a kan takardun da suka halatta azabtar da fursunoni a zamanin gwamnatin Bush, kuma a cikinsa ne Van Buren ta yi jinyar ciwon daji. An dakatar da shirin ne yana kan ganiyarsa ta biyu.

Dawowar 2022 fa?

Ba ta kai ba. 'Yan wasan ba su da laifi. Hugh Dancy da Camryn Manheim da Mehcad Brooks ƙwararru ne. Matsalar ita ce kowa na faɗin abin da ke ransa ƙarara, ana yi wa mai kallo bayanin abin da ya riga ya gani, hoton ya yi tsaf har birnin ya rasa ƙamshinsa. Shari'o'in kuma sun yi gajarta, lauyan kariya ba ya samun filin da zai ba ka tsoro. Waterston ya yi bankwana a Fabrairun 2024 bayan kashi sama da 400, Tony Goldwyn ya karɓi kujerar. Akan dace da kashi mai kyau jifa-jifa, amma kada wanda bai san shirin ba ya fara daga nan.

Abin da ake gani a kotun, haka yake a Amurka?

Ƙa'idojin da ake ambata na gaske ne, kuma wannan na daga cikin ƙarfin shirin. Gargaɗin da ɗan sanda ke karanta wa wanda ya kama, cewa yana da 'yancin yin shiru da neman lauya, ya samo asali ne daga hukuncin Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar Miranda ta 1966. Watsi da hujjar da aka samo ta haramtaccen bincike ya hau kan jihohi ne tun shari'ar Mapp ta 1961. Shi ya sa za ka ga an sami bindigar kisa a ɗakin mutum amma alƙali ya ce ba za a gabatar da ita ba, don an shiga ba da takardar izini ba. Hikimar ita ce, idan hujjar haram na cin shari'a, babu abin da zai hana ɗan sanda fasa ƙofar kowa. Kashin farko na zango na 2 ya nuna wannan da kyau: an kashe abokin aikin ɗan sanda Mike Logan, Logan ya ɗora wa wanda ake zargi bindiga har ya amsa laifi, kuma wannan amsawar ce ta kusa rusa shari'ar.

Inda shirin ya kauce wa zahiri shi ne yawa da sauri. A shirin kusan kowace tuhuma na kaiwa gaban mutum 12 masu yanke hukunci. A zahiri, kamar yadda Kotun Ƙolin ta ambata a 2012, kashi 97 cikin ɗari na hukuncin kotunan tarayya da kashi 94 na kotunan jihohi daga amsa laifi suke fitowa, galibi bayan ciniki tsakanin lauyoyi. Shari'ar kisa kan ɗauki shekara ko fiye. Lauyan gwamnati na gaske kuma fayil ne jibge a gabansa, ba guda ɗaya ba.

Akwai ma inda shirin ya wuce tarihi. Jihar New York ta dawo da hukuncin kisa a 1995, babbar kotun jihar ta soke dokar a 2004, kuma a tsakanin ba a zartar wa kowa ba. Rabon jihar da zartarwa tun 1963. Amma a kashin "Aftershock" na 1996 jaruman sun halarci zartar da hukuncin kisa. Duk da haka yana cikin mafi kyawun abin da shirin ya taɓa yi, kuma babu bincike ko shari'a a cikinsa, sai yadda kowannensu ya wuni da abin da ya gani.

Ana cewa yana wanke 'yan sanda da masu gabatar da ƙara. Haka ne?

Zargin na da tushe, kuma ya ƙara ƙarfi bayan kisan George Floyd a hannun 'yan sanda a 2020. Shirin yakan nuna gurɓataccen ɗan sanda, amma a matsayin mutum ɗaya da tsarin zai kama. Wanda aka gurfanar kusan kullum shi ne ya aikata, don haka mai kallo kan saba da ganin lauyan kariya a matsayin mai kawo cikas. Sannan masu laifin shirin sau da yawa attajirai ne masu manyan lauyoyi, alhali mafi yawan waɗanda ke cika kotunan New York talakawa ne da gwamnati ke ba lauya.

Tarihin birnin ya nuna abin da ba a cika gani a allon ba. Matasa biyar da aka ɗaure kan fyaɗen Central Park na 1989 an soke hukuncinsu a 2002, bisa shawarar ofishin Robert Morgenthau, wanda ya riƙe kujerar babban mai gabatar da ƙara na Manhattan daga 1975 zuwa 2009, kuma da shi aka kwaikwayi Adam Schiff. Kalief Browder yana ɗan shekara 16 aka kama shi a 2010 kan zargin satar jaka, ya yi shekara uku a kurkukun Rikers ba a yanke masa hukunci ba. Ina ƙaunar shirin, kuma ina ganin wajibi ne mai kallonsa ya san waɗannan sunaye.

Me zai ba mai kallo daga Najeriya mamaki?

Na farko, a kotunanmu alƙali ne ke yanke ko mutum ya yi laifi. A can talakawan gari 12 ne, kuma sai bakinsu ya zo ɗaya. Shi ya sa lauyoyin shirin ke zagaya kotu suna magana da zuciyar mutane. Na biyu, babban mai gabatar da ƙara na Manhattan zaɓensa ake yi duk shekara huɗu, ba naɗi ba ne kamar kwamishinan shari'a na jiha, don haka siyasa ke shiga lissafinsa a fili. Na uku, mun saba ganin ɗan sanda na gabatar da ƙara a kotun majistare, a can kuwa aikin ɗan sanda ya ƙare a bincike da ba da shaida. Cinikin amsa laifi don samun sassauci kuwa ba baƙo ba ne, yana cikin dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015. Mai son ganin lauyoyi da hular gashi irin tamu sai ya nemi reshen shirin na Birtaniya, wanda tashar ITV ta nuna daga 2009 zuwa 2014.

Special Victims Unit bai fi shi ba?

Ya fi shi daɗewa, kuma Mariska Hargitay ta riƙe Olivia Benson tun 1999. Amma wani abu ne daban: laifukan fyaɗe da cin zarafin yara, tausayin wanda aka zalunta, da rayuwar jaruman. Mai neman gardamar shari'a uwar shirin zai nema.

Za a iya kallo da yara?

A'a. Ba a cika nuna jini ko tsiraici ba, amma zancen kisa ne, da fyaɗe, da miyagun ƙwayoyi, ana yinsa ɓaro-ɓaro. Na manya ne da matasan da suka mallaki hankalinsu.

Daga ina ya kamata in fara?

Ba dole ba ne ka bi a jere, domin kowane kashi na tsaye da ƙafarsa. Fara da zango na 5, inda Briscoe da Logan ke tare a titi, McCoy da Kincaid a kotu, Van Buren da Schiff a kujerun shugabanci. Ci gaba zuwa na 6, amma ka ajiye "Aftershock" sai ka saba da mutanen, in ba haka ba ba zai yi maka nauyin da ya kamata ba. Daga nan ka koma zangon farko ka ga Stone da Robinette, ka kuma lura da baƙin fuskoki: Samuel L. Jackson da Philip Seymour Hoffman sun fito a kashi ɗaya a 1991, Merkerson ma ta fara bayyana ne a matsayin uwar da aka harbe wa jariri, shekara biyu kafin a ba ta ofis. Idan ka kai zango na 11 ka ji ɗanɗanon ya sauya, tsallaka zuwa na 18.